Sienna ko Sharon: Abin da mai gona a Kura da Bunkure ya kamata ya auna kafin sayen babbar motar iyali

A mafi yawan gidaje, maganar sayen babbar mota takan taso ne ranar Sallah ko ranar biki, sa'ad da maigida ya yi sawu biyu kafin ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauye. Ga ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar Kano da ke da gona a yankin noman rani na Kura da Bunkure kuwa, akwai dalili na biyu. Yana ganin mota ɗaya za ta kai yara makaranta da safe, ta kai shi ofis ko Kantin Kwari, ranar Asabar kuma ta ɗauki taki da injin ban ruwa zuwa gona. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, in lissafin ya yi daidai. Sai dai ranakun biki ba su fi a ƙirga da yatsu ba a shekara, alhali kuɗin mai da na gyara kullum ake biyan su.

Motoci biyu ne suka fi yawa a hannun masu irin wannan buƙata. Ta farko ita ce Toyota Sienna, ƙirar Amurka, musamman samfurin 2004 zuwa 2010, mai kujeru bakwai ko takwas da ƙofofin gefe masu zugewa. Ta biyu ita ce Volkswagen Sharan, wadda kowa ke kira Sharon, da 'yan uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra, waɗanda aka fara ƙera su a masana'anta ɗaya a Fotugal a tsakiyar shekarun 1990. Hiace, wadda ake kira Homa, ta fi ƙarfin gida ɗaya. Motar haya ce, ba ita ake magana ba a nan.

Mai ne abu na farko. Sienna ta 2004 zuwa 2006 tana da inji mai silinda shida na lita 3.3, daga 2007 kuma aka mai da shi lita 3.5. Bisa ma'aunin hukumar kula da muhalli ta Amurka, irin wannan mota tana cin kimanin kilomita bakwai a lita ɗaya cikin gari, kusan goma a babbar hanya, kuma wannan a kan sabuwa aka auna, ba wadda ta shekara goma sha biyar tana aiki ba. Daga Kano zuwa Kura tafiyar kimanin kilomita 30 ce. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke zaune a birni yana aiki a can zai yi kilomita 60 kowace rana. In aka ɗauki kilomita takwas a lita, lita bakwai da rabi ke nan, wato lita 165 a ranakun aiki 22. Ƙaramar mota irin Corolla, mai cin kilomita goma sha biyu a lita, za ta yi wannan zirga-zirga da lita 110. Bambancin lita 55 ne a wata, kuma in aka sa lita a kan N900 don misali, ya kai N49,500. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 N70,000 ne. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai N200 ba a farashin gwamnati, da wuya mai saye ya tsaya yin wannan lissafi. Yau kuwa duk kujerar da ke tafiya babu kowa a kanta, mai take sha.

Sharon mai injin lita 2.0 da giyar hannu takan fi sauƙin mai, shi ya sa direbobin haya suka riƙe ta. Amma akwai mai injin lita 2.8, wadda ba ta da wani rangwame a kan Sienna, don haka a buɗe gaban mota a gani, kada a tsaya ga suna.

Inda aka fi yin kuskure shi ne nauyi. Mutane suna ganin faɗin cikin mota, sai su ɗauka duk abin da ya shiga ta ɗauke shi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya manna, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. A Sienna adadin bai cika wuce kilo 600 ba. Manya takwas masu kilo 70 kowannensu sun kai kilo 560, wato sun cinye kusan duka tun ba a sa ko jaka ɗaya ba. Buhun takin zamani kilo 50 ne. In direba da mutum ɗaya ne a ciki, buhu takwas ko tara sun isa. Amma da an kwantar da kujerun baya, wurin da ya buɗe zai ci ninkin haka, kuma a nan ne zuciya ke cewa a ƙara. Buhun shanshera, wanda Kura ta yi suna wajen sarrafa shi, ya fi na taki nauyi nesa ba kusa ba.

Motar ba za ta ƙi tashi ba, kuma wannan ne ke ruɗin mai ita. Abin da ke faruwa shi ne bayanta ya zauna, shokozoba ta mutu kafin lokacinta, tayoyin baya su riƙa ɗaukar zafi, birki kuma ya ƙara nisan da yake buƙata kafin ya tsayar da ita. Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: Sienna da Sharon, in ban da 'yan kaɗan, da tayoyin gaba suke ja. Da an danne baya, gaba ya yi sauƙi, sai tayoyin da ke ja su rasa kamun ƙasa, daidai lokacin da ake buƙatarsu a cikin taɓo. Giyar Sienna mai sarrafa kanta ma ba ta son ja da nauyi a cikin zafin bazara, kuma gyaranta ba na mai ƙaramin albashi ba ne. Lodin da ya wuce ƙa'ida laifi ne a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, amma tarar ita ce mafi sauƙi a cikin asarar.

Sai hanya. Titin Kano zuwa Zariya ba shi ne gwajin motar ba, haka ma kwaltar da ta ratse daga Karfi zuwa Bunkure da Rano. Gwajin yana cikin 'yan kilomitocin ƙarshe. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, an shimfiɗa shi ne da manya da ƙananan kanal, gonakin kuma ana isa gare su ta hanyoyin burji da ke bin gefen ruwa, inda tarakta da amalanke suka bar sawu mai zurfi da tudu a tsakiya. Tsakanin cikin Sienna da ƙasa kimanin santimita 17 ne in babu kaya. Da kaya ya ragu, ga kuma tsawon jiki, wanda ke sa cikinta ya zauna a kan tudun da gajeriyar mota za ta haye. Abin da ke fara bugun ƙasa shi ne salansa da kwanon baƙin mai. Kuma a yankin ban ruwa laka ba ta jiran damina. Ruwa ya ɓalle daga kanal a watan Fabrairu, hanya ta jiƙe kamar a Agusta.

Wasu dillalai kan nuna Sienna mai ja da taya huɗu a matsayin maganin wannan. Tana taimakawa a santsi, gaskiya ne, amma ba ta ƙara tsayi, ta fi shan mai, kuma daga kamfani ba ta zuwa da safaya, domin an sa mata irin tayar da ke iya tafiya kaɗan bayan ta sace. A Amurka wannan dabara ce. A bakin kanal, bayan an daɗe da maye tayoyin da na gama-gari, matsala ce.

A ganina, wanda iyalinsa suka kai shida ko bakwai kuma kullum tare suke fita, babbar mota ta biya kuɗinta, domin ta fi sawu biyu araha. Tsakanin biyun, Sienna ta fi daɗin zama da sanyin ciki, ta fi dacewa da mata da yara da tsofaffi, kujerunta na can baya kuma suna nutsewa cikin ƙasan motar. Sharon ta fi tsufa a jiki, amma ana cire kujerunta biyar na baya ɗaya bayan ɗaya, makanikai sun san ta, kayan gyaranta kuma ba sa wuya a Kofar Ruwa. Wanda kuwa shi kaɗai yake tafiya kwana biyar a mako, ya fi masa ya riƙe ƙaramar mota, ya yi shatar babba ranar biki. Amfanin gona kuma, ko kwandunan tumatir ne zuwa Kwanar Gafan ko buhunan shinkafa, aikin a-kori-kura ne, kuma ladanta bai kai kuɗin shokozoba biyu ba.

In an yanke shawarar saye, a je da makanike na kai, ba wanda dillali ya kawo ba. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, domin wadda ta fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, takan zo da tsatsa. A 2010 sai da Toyota ta janye ɗaruruwan dubban Sienna saboda tsatsa na cin wayar da ke riƙe safaya a ƙarƙashi. A tambayi yaushe aka sauya bel ɗin cikin inji in mai lita 3.3 ce, tunda mai lita 3.5 sarƙa gare ta. A zuge ƙofofin lantarki sau da yawa, don ƙurar hunturu ba ta barin su lafiya. A karanta lambobi huɗu na jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. A tabbatar lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 ta yi daidai da ta takardun kwastam. Gwajin tuƙi kuma kada a yi shi da mutum biyu a kan kwalta. A cika kujerun, a kunna na'urar sanyaya, a sauka kan burji.