Daga Tekun Ƙanƙara Zuwa Fadamar Haɗeja

Ran 20 ga watan Satumba na shekarar 2019 wani jirgin ruwan bincike na ƙasar Jamus mai suna Polarstern ya tashi daga ƙasar Norwe, ya nufi tekun nan na ƙuryar arewacin duniya. Da isarsa sai aka bar shi ƙanƙara ta daskare da shi, tana tafiya da shi duk inda ta nufa. Bai koma gida ba sai a watan Oktoba na 2020. Masana daga ƙasashe 20 ne suka riƙa karɓa-karɓa a cikinsa. Sun yi watanni ba su ga rana ba, kuma duk wanda zai sauka kan ƙanƙara don yin awo sai da mai gadi riƙe da bindiga, saboda farin dabban nan mai cin nama da Turawa ke kira biya.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Haɗeja da wannan tafiya? To, da ruwansa. A ƙasashen da suka kewaye wannan teku, wato arewacin Rasha da na Turai, a can ne wasu daga cikin tsuntsayen da ke cika fadamun Haɗeja da hunturu suke ƙyanƙyasa. Akwai wata mai dogayen ƙafafu da masana ke kira ruff. A can namijinta yakan fitar da wani tulin gashi a wuya lokacin neman mace, amma a nan ba mai ganinsa da wannan ado, sai dai a tarar da garkensu suna tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Waɗanda suka fito daga Sibiriya kan yi tafiyar da ta kai kilomita 30,000, zuwa da komowa, a shekara guda.

Saboda haka aikin da ake yi daga saman manyan jiragen can, shi ake yi a nan cikin kwalekwale. A watan Janairu akan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967. Ma'aikata kan yi sammako cikin sanyin hunturu da madubin hangen nesa da littafi, masunta kuwa su ne ke tuƙi, domin su suka san inda ruwa ya janye da inda garke ke kwana. Idan tsuntsaye suka yi yawa, akan ƙirga goma ko ɗari, sa'an nan a auna sauran da su. Ana rubuta baƙi daban, 'yan gida kuma irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe daban.

Duniya dai ta daɗe da sanin darajar wannan wuri da kogin Haɗeja da na Jama'are ke malalawa. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci Dagona. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci ga duniya a shekarar 2000, Baturiya ta Jihar Jigawa kuma ta bi baya a 2008.

Amma fa suna ba ya kawo ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliya ya sake. A da ruwa kan zo da damina ya janye da rani. Da aka koma sakinsa duk shekara, sai ciyawar kacalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ya nutse, wani kuma ya bushe. Kacallar nan kuma ita ce maɓoyar jan-baki, tsuntsun da ke cinye wa manoma shinkafa da gero.

A nan ne amfanin ƙidaya yake. Tsuntsuwar da ta ƙetare Sahara ba ta sauka sai inda ruwa bai yi zurfi ba kuma akwai abinci, wato daidai wurin da kifi ke hayayyafa, shinkafa ke yi, makiyayi kuma ke samun ciyawar rani. Idan adadinta ya ragu a littafin mai ƙidaya, ya kamata a duba komar masunci.

Don haka ya wajaba ma'aikatan da ke da alhakin buɗe madatsu su riƙa duba waɗannan alƙaluma kafin su yanke shawara. Ɗalibai kuma masu sha'awar kimiyya su sani ba sai sun je tekun ƙanƙara ba. Rabin binciken yana nan Baturiya, kuma kwalekwale da littafi sun isa a fara.