In Kwamfuta Ta Kasa Tashi, Ta Jira Ko Ta Sake Gwadawa?

A Wudil kwamfuta ba ta kwana a kunne. A kawo wuta, a ɗauke, a tayar da janareto, mai ya ƙare. Shi ya sa mu masu gyara a shagunan da ke kusa da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote muka fi kowa sanin ciwon tashin inji. Ɗalibi zai shigo da laftof a hammata ya ce, "Malam, ta ƙi tashi." Sau da yawa ba gardama take yi ba, umarnin da masu haɗa manhajar suka bar mata take bi.

Kowace kwamfuta tana da kanel, cibiyar manhajar da ke kama ragamar injin da zarar an kunna. Na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, shi ne a cikin wayoyin Android da ke aljihunmu. Da ya farka sai ya nemi shirin farko da zai miƙa wa aiki. In bai same shi a inda ya saba ba, akwai wurare uku da zai leƙa bi da bi, na ƙarshensu baƙin allo ne mai jiran mai gyara ya rubuta umarni. In duk sun faskara, sai ya tsaya cik. Abin da zai biyo baya kuwa lamba ɗaya ke yanke shi. A bar ta a 0, yadda take zuwa, injin zai yi ta tsayuwa sai an taɓa shi. A sa 10, bayan daƙiƙa 10 ya sake kunna kansa.

Waɗanda suka zaɓi 0 suna da hujja: so suke saƙon matsalar ya zauna a allo har injiniya ya karanta. Sai dai sun ɗauka injiniyan yana kusa. Ina labarin kwamfutar da ke riƙe da bayanan makaranta, a kulle a ɗaki, mai mukullin ya tafi cin kasuwar Juma'a? Irin wannan ni 10 nake sa mata, ba na ko tsayawa shawara.

Amma sake kunnawa kaɗai ba magani ba ne. Ranar 19 ga Yulin 2024, wani gurɓataccen fayil na sabunta manhaja daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Da yawansu suka yi ta tashi suna faɗawa rami ɗaya, jirage suka kasa tashi, sai da aka bi su da hannu ana goge fayil ɗin. Dole inji ya sami tsohon abu mai aiki da zai koma wa, kamar yadda direban Wudil zuwa Kano ba ya fita babu safaya. Android ta kawo wannan dabara a 2016: manhaja kashi biyu a waya ɗaya, in sabuwar ta kasa tashi a koma tsohuwar.

Don haka duk wanda ya kawo mini inji mai Linux ya ce in share tsohon kanel don a sami fili, ba na yarda. Nakan bar masa guda, in sa jerin zaɓin kanel da ke fitowa lokacin kunna inji ya tsaya daƙiƙa 5 a allo, sannan in zaunar da shi ya zaɓi tsohon da hannunsa kafin ya biya kuɗin aiki.