Macijin Madara In Ya Ƙi Ci

A Amurka, kamar a wajen Summerfield kusa da birnin Greensboro, akan yi kiwon wani maciji marar dafi, wai shi macijin madara. Manoman can sun daɗe suna zato nonon shanu yake tsotsa, alhali kuwa ɓera yake bi.

To, in ya ƙi ci, kada a yi masa ɗura. A dubi idanunsa tukuna. In sun yi hazo, watau saɓa zai yi, ba ya ci sai ya gama. Sa'an nan a auna ɗumin akwatinsa, gefe guda ya kai digiri 29 na Santigireti, domin cikin sanyi abinci ba ya narke masa. Da hunturu kuma yakan yi makonni bai ci ba, yana lafiya lau. Amma fa in yana ramewa, ko yana numfashi baki buɗe, sai likitan dabbobi.