3.4 Tasirin Haɗewar Kamfanoni a Kan Lasisin Manhajar Rahoto da Tsofaffin Rahotanni

3.4.0 Gabatarwa

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan abin da ke faruwa da lasisi da kuma rahotannin da aka riga aka tsara, a duk lokacin da aka haɗe manhajojin kamfanoni biyu suka zama ɗaya. Manhajar rahoto ita ce wadda ke ɗebo alƙaluma daga rumbun bayanan ma'aikata, ta jera su a tsare, kamar lissafin ciniki na wata ko jadawalin albashi. Domin fito da bayanin fili, an ɗauki misalin Crystal Reports da Business Objects da kuma SAP.

3.4.1 Taƙaitaccen Tarihin Haɗewar

Asalin manhajar Crystal Reports daga birnin Bankuba na ƙasar Kanada ne. A shekarar 1994 kamfanin Seagate ya sayi masu ita, daga baya kuma wannan sashe ya koma amsa sunan Crystal Decisions. Shi kuwa Business Objects a Faransa aka kafa shi a 1990. A 2003 ne ya ba da sanarwar sayen Crystal Decisions a kan kuɗi kimanin dala miliyan 820. Ba a jima ba shi ma aka saye shi, domin a watan Oktoba na 2007 kamfanin SAP na Jamus ya yi tayin kimanin yuro biliyan 4.8, aka kammala cinikin a farkon 2008. Ke nan, cikin shekara biyar mai amfani da Crystal Reports ya ga manhajarsa ta canza hannu sau biyu.

3.4.2 Matsayin Lasisi

Abin lura a nan shi ne, wanda ya sayi manhaja ba mallakarta ya yi ba, izinin amfani da ita kawai ya saya. Wannan izini shi ake kira lasisi, kuma a irin waɗannan manhajoji ya kasu gida uku:

(a) Lasisi mai suna, wato wanda aka keɓe wa ma'aikaci ɗaya tak.

(b) Lasisin karɓa-karɓa, wanda ke ƙayyade adadin mutanen da za su iya shiga a lokaci guda, ko su wane ne.

(c) Lasisin na'ura, wanda ake biya gwargwadon yawan ƙwaƙwalwar babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar.

A bisa al'ada, haɗewar kamfanoni ba ta soke lasisin dindindin, domin mai saye yakan gaji yarjejeniyoyin da ya tarar. To amma lasisin ya tsaya ne a kan fitowar da aka saya. Samun sabuwar fitowa da gyaran kurakurai ya dogara ne a kan kuɗin kulawa da ake biya duk shekara. A nan ne gizo ke saƙa, saboda sabon mai manhajar shi ke da ikon canza sunayen kayayyaki da haɗa su cikin sabon ƙunshi da yanka farashi. Ma'aikatar da ta je sabunta yarjejeniya takan tarar cewa abin da ta saya da sunansa babu shi a jerin kaya, sai an fassara tsohon lasisinta zuwa sabon ma'auni. Misali, idan ma'aikata mai mutum 200 tana da lasisin karɓa-karɓa guda 30, aka ce ta koma lasisi mai suna, to sai ta biya na mutum 200 ko ta hana wasu ganin rahoto.

Haka kuma, hanyar samun manhajar kanta tana iya canzawa. Shekaru da dama Crystal Reports tana zuwa ne a cikin Visual Studio na kamfanin Microsoft, amma daga fitowar 2010 aka cire ta, sai dai mai buƙata ya sauko da ita daban daga wajen SAP.

3.4.3 Makomar Tsofaffin Rahotanni

Idan aka haɗe manhajoji biyu, dole a zaɓi ɗaya ta zama harsashi. Wannan zaɓi shi ke nuna wanda zai ɗauki wahala. Da aka fito da BusinessObjects XI a 2005, a kan harsashin Crystal Enterprise aka gina ta. Saboda haka masu rahotannin Crystal suka ƙaura cikin sauƙi, alhali tsofaffin abokan cinikin Business Objects, wato kamfanin da ya yi sayen, sai da suka jira fitowa ta biyu a ƙarshen shekarar kafin su sami hanyar kwashe rahotanninsu da jerin masu izininsu zuwa sabon wuri.

Misalin da ya fi wannan tsanani shi ne na Desktop Intelligence, wadda da ita aka tsara ɗimbin rahotannin Business Objects na da. A lokacin da SAP ya fito da BI 4.0 a 2011, ba ya ɗauke da ita. An tanadi wata manhajar juya rahotanni zuwa Web Intelligence, wadda ke kasa sakamakon aikinta gida uku: wanda ya juyu gaba ɗaya, da wanda ya juyu rabi da rabi, da wanda bai juyu ba sam. Rahotannin da aka cusa wa ƙananan umarni na VBA suna cikin waɗanda suka fi ba da wahala, domin sai an sake gina wannan ɓangare da hannu. Bugu da ƙari, juyuwar rahoto ba ta nufin alƙalumansa sun yi daidai. Wajibi ne a gudanar da tsoho da sabo, a gwada jimillarsu, musamman rahoton da ake miƙa wa hukumar haraji ko masu binciken kuɗi.

3.4.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa lasisi yana iya zama daram a takarda, amma rahoto ba ya rayuwa sai da manhajar da ke buɗe shi. Don haka ya kamata ma'aikata, da zarar ta ji labarin haɗewa, ta ƙidaya rahotannin da ake amfani da su da gaske, ta adana takardun yarjejeniyarta na asali, ta kuma nemi a rubuta mata ranar da za a daina kula da fitowar da ke hannunta. Hausawa dai na cewa, da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in tulun da aka adana ta bai fashe ba. A sashe na gaba za a duba yadda ake ƙiyasta kuɗin irin wannan ƙaura.