Masu Ƙirga Giwaye: Me Ake Koya a Sashen Kimiyyar Dabbobi?

Idan aka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke son karantawa a jami'a, amsar ba ta wuce likitanci, harhaɗa magunguna ko injiniyanci. Wanda kuwa aka ba gurbi a sashen kimiyyar dabbobi, wanda za ku gani a fom ɗin JAMB da sunan Zoology, sau da yawa ransa ɓaci yake yi, yana ganin aikin gidan zu kaɗai ke jiransa. Shi ya sa a wannan mako muka leƙo muku abin da ake koya a can, don ku yi zaɓi da saninku.

Kowace dabba da adireshinta

Darasin farko shi ne rarraba dabbobi gida-gida. Kamar yadda adireshinku ke farawa daga ƙasa, ya gangaro jiha, ƙaramar hukuma, unguwa har gida, haka kowace dabba ke da matakai bakwai, daga babbar masarautar dabbobi har zuwa nau'inta. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu, kuma daga bugu na goma na littafinsa, na shekarar 1758, ake lissafin sunayen dabbobi. Zaki shi ne Panthera leo, damisa Panthera pardus. Kalmar farko ta nuna gidansu ɗaya, ta biyu ta raba su.

A nan ne ɗalibi ke gane kama da wane ba ta wane. Jemage yana tashi, amma ba tsuntsu ba ne, domin haihuwa yake yi, ya shayar da nono. Raƙumin dawa ya fi kusa da saniya a kan raƙumi. Rema, wadda ke ɓuya a cikin duwatsu, 'yar uwar giwa ce, dorina kuwa danginta na kusa su ne manyan dabbobin tekun nan da ake kira kifi wel. Tsarin haƙora, ƙasusuwa da gwajin ƙwayoyin gado ne suka tabbatar da haka.

Kada ku ɗauka haddar sunaye ce kawai. Sauro iri-iri ne, amma macen Anopheles ce ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi. Dafin kububuwa daban yake da na kumurci, don haka maganin da ke karya ɗaya ba lallai ya karya ɗayan ba. Sanin ainihin dabbar a nan yana iya ceton rai.

Daga ɗakin gwaji zuwa daji

A ɗakin gwaji ana feɗe kifi, kwaɗo ko ɓera don ganin yadda sassan jiki ke aiki, ana kuma duba tsutsar ciki a madubin likita. Sai kuma fita daji, inda ake koyon ƙidaya. Dabbobi ba sa tsayawa a layi, saboda haka akwai dabaru. Ana shata miƙaƙƙen layi a bi shi da ƙafa, ana rubuta duk abin da aka gani da nisansa. Ana ɗaura wa bishiya kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya gifta. Ana kama tsuntsu da lallausar raga, a auna shi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi.

Ga wata dabara da za ku iya gwadawa a takarda. A ce kun kama kifi 40 a tafki, kun yi musu alama kun mayar. Bayan kwana biyu kun kama 50, kuka tarar 10 na da alamar. Ke nan kashi ɗaya cikin biyar na kifin tafkin ne ke da alama, don haka jimillarsu ta kai kimanin 200. Kun ga amfanin lissafi.

Inda ake wannan aiki

A dajin Yankari na jihar Bauchi, inda ɗaya daga cikin manyan garkunan giwayen da suka rage a Najeriya yake, an saƙala wa wasu giwaye na'ura a wuya da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Wannan na taimaka wa masu gadin daji su kare su daga mafarauta, su kuma san lokacin da suka doshi gonakin mutane.

A yankin Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawan Afirka ta Yamma 49 kacal suka rage a 1996. Masu bincike na gane kowanne da zanen jikinsa, domin babu biyu masu zane iri ɗaya. Da kariya da ƙidaya a kai a kai, yawansu ya haura 600, har aka kwashi takwas a 2018 aka kai dajin Gadabeji na jihar Maraɗi.

Jami'ar Jos kuma tana da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum, inda ake yin digiri na biyu kan kare halittu. A fadamun Haɗeja da Nguru, ana ƙidayar tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi.

Shirin da za ku yi tun yanzu

Ku nemi kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Digirin kimiyyar dabbobi shekara huɗu ne, na gandun daji da namun daji kuwa biyar. Akwai kuma kwalejin tarayya ta kula da namun daji a New Bussa, jihar Neja, mai ba da difloma. Ku duba ƙasidar JAMB, domin sharuɗɗa na bambanta tsakanin makarantu.

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin akwai wahala: sammako, zafin rana, cizon ƙwari, wasu dazuzzukan kuma rashin tsaro ya hana shiga. Guraben aiki ma sai an nema. Amma ana buƙatar masu wannan ilimi a hukumomin gandun daji, kiwon kifi, yaƙi da ƙwarin gona, binciken cututtuka da koyarwa.

Ku samu ƙaramin littafi, ku zaɓi bishiya ɗaya a makarantarku. Kowace safiya ku yi minti goma kuna rubuta kwanan wata, lokaci, da tsuntsayen da suka sauka. Ku tambayi dattawa sunayensu na Hausa. Bayan wata guda ku kai wa malamin Bayoloji ku duba abin da ya canja tare.