Jitar lantarki mai ƙirar da: Abin da makaɗi zai duba kafin ya zuba kuɗinsa

Duk wanda ya saba kallon bidiyon makaɗan Agadez a wayarsa zai lura cewa jitar da ke rataye a kafaɗar da yawa daga cikinsu kusan ƙira ɗaya ce: mai ƙaho biyu, da siririn wuya, da kunnuwan ɗaure tsirkiya guda shida a jere gefe ɗaya. Ƙirar Stratocaster ke nan, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1954. Fiye da shekara 70 ke nan, amma har yanzu ita ake kwaikwayo.

Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua a Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, kuma waƙoƙin sun yaɗu ne ta hanyar turawa daga waya zuwa waya kafin duniya ta san shi. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke a madadin tsirkiya. Yau Stratocaster yake kaɗawa a manyan dandali na Turai da Amurka. Bombino, ɗan yankin Agadez, kundinsa Deran na 2018 ya shiga jerin masu takarar kyautar Grammy, karon farko ga wani mawaƙi daga Nijar.

Ga matashin da ke Miga, Auyo ko Haɗeja, wanda kunnensa ya saba da gurmi da garaya kuma yake son irin wannan amo, tambayar ita ce wace jita zai saya. Kuɗin ba ƙarami ba ne, domin kayan daga waje ake shigo da su kuma farashinsu dala yake bi. Wataƙila ribar shinkafar rani ce ta shekara guda. Idan zaɓin ya kuskure, babu shagon gyaran jita a kusa, sai an nufi Kano.

Tsohuwa ta gaske da mai kama da tsohuwa

Jitar da aka ƙera a shekarun 1950 da 1960 ta zama kayan masu tara abin tarihi. Stratocaster da aka sayar dala 249.50 a 1954, yanzu irinta kan kai dubban goman daloli. A 2019 an yi gwanjon baƙar jitar David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd, ƙirar 1969, a kan kusan dala miliyan 4. Abin lura shi ne mai ita ya sha canja mata wuya da kayan ciki tsawon shekaru, domin shi aiki yake yi da ita, ba ajiya ba.

Saboda haka kamfanoni suka kasa sabbin jitoci masu kama da na da gida biyu. Akwai waɗanda ake ƙerawa daidai da yadda aka yi su a da, har da nakasunsu, kamar jerin American Vintage II da Fender ya fitar a 2022. Akwai kuma waɗanda suka ɗauki siffa da amon da, amma aka sabunta abubuwan da ke wahalar da makaɗi, kamar Classic Vibe na Squier, reshen Fender mai sauƙin kuɗi, wanda ya fara fitowa a 2008. Epiphone, wanda kamfanin Gibson ya saya a 1957, yana yin irin wannan aiki da ƙirar Les Paul ta 1952. Ita ma Pacifica ta Yamaha, wadda ta fito a 1990, daga siffar Stratocaster ta samo asali.

A ido, da wuya a bambanta gidajen biyu. A hannu, da kuma a yanayin kwarin Haɗeja, bambancin a fili yake.

Wuya: inda hunturu da damina ke gwada ƙarfi

Itace yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Masu ƙera jita kan ba da shawarar ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A arewacin Najeriya, da hunturu danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan a watan Agusta, musamman a garuruwan fadama da ke bakin Kogin Haɗeja, ya haura ƙwarai. Ke nan sau biyu a shekara wuyan jita zai motsa: ko tsirkiya ta yi sama ta yi wuyar dannawa, ko ta kwanta tana zuza.

Maganin wannan wata sandar ƙarfe ce da ke cikin wuyan, wadda ake juyawa da ɗan makulli a miƙe shi. A tsohuwar ƙirar Fender, bakin sandar yana gindin wuya, inda ya haɗu da gangar jiki, kuma sau da yawa sai an sassauta ko an cire wuyan kafin a kai gare shi. A sabuwar ƙira yana can sama kusa da kunnuwa, a buɗe. Wanda zai riƙa yin gyaransa da kansa, wannan kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi sabon tsari.

Haka kuma bushewar hunturu kan sa itacen ya tsuke, ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuya, waɗanda ake kira firet, su fito ta gefe suna kartar hannu. Mai saye ya shafa gefen wuyan daga sama har ƙasa. Idan ya ji kaifi, ya san akwai aikin gogewa a gaba.

Sai lanƙwasar fuskar wuyan. Tsofaffin Fender suna da ma'aunin inci 7.25, wato fuskar ta fi tudu, da ƙananan firet guda 21. Yawancin na zamani inci 9.5 ne, sun fi shimfiɗa, firet ɗinsu ya fi kauri, wasu guda 22. Mai riƙe tsirkiyoyi da yawa lokaci guda yakan ji daɗin na da. Amma mai gudu da yatsu yana ture tsirkiya sama, na zamani ya fi masa, domin amon ba ya shaƙewa a tsakiya.

Amo mai daɗi, da ƙugin da ke biye da shi

A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ne ake kira fikof, kuma shi ke mayar da girgizar tsirkiya lantarki. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da Telecaster, shi ke ba da wannan tsantsar amo mai kaifi da ake ji a kiɗan Sahara. Aibinsa shi ne yana kwaso ƙugin wutar da ke kewaye da shi. A wurin biki, inda janareta da fitilu da cajojin waya ke kan layi ɗaya, ƙugin kan yi yawa har ya dami mai sauraro.

Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ne ya haɗa naɗi biyu masu kishiyantar juna domin kashe ƙugin, kuma aka fara sa irinsa a Les Paul a 1957. Amonsa ya fi kauri da nauyi, bai kai na farko kaifi ba.

Jitocin zamani sun samo tsaka-tsaki. Makunnin zaɓen fikof na Stratocaster matsayi uku yake da shi tun asali, sai a 1977 aka mayar da shi biyar. A da yawa daga cikin na yanzu, ana juya naɗin fikof na tsakiya, ta yadda matsayi na 2 da na 4 ke kashe ƙugin. Wasu kuma, kamar Pacifica 112V, sun haɗa mai naɗi biyu guda ɗaya da masu naɗi ɗaya guda biyu. Kada a sayi jita ba tare da an jona ta da amfilifaya ba. A ƙara sauti, a ɗauke hannu daga tsirkiya, a saurari kowane matsayi.

Jaki, kunnuwa da fenti

Kamar yadda garaya ke da jaki, haka jita ke da ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki. A tsohuwar Telecaster, tsirkiya biyu ke hawa sirdi ɗaya, guda uku ke nan, abin da ke sa daidaita kowace tsirkiya ya yi wuya. Sabon tsari sirdi shida ne, kowace da nata. Stratocaster kuma jakinta mai motsi ne, da sandar girgiza amo. A jita mai araha, wannan motsin kan ɓata saiti a tsakiyar waƙa. Wanda ba ya amfani da sandar zai iya ƙara ɗaure sifirin ɗin da ke baya har jakin ya kwanta, ya huta.

Kunnuwa ma a murɗa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke juyawa tsirkiya ba ta amsawa nan take, ya ci ko kuma tun asali ba mai kyau ba ne.

Fentin da, wanda ake kira naitiro, siriri ne kuma masoya kayan tarihi na son yadda yake tsufa. Sai dai yana tsattsagewa idan zafi da sanyi suka sauya da sauri, kuma gumi na dusashe shi. Fentin zamani mai kauri ya fi jure zafin bazara, da ƙura, da hawa babur zuwa ƙauyen da ake biki.

Nauyi ma abin dubawa ne. Stratocaster kan kai kilo uku da rabi, Les Paul kuwa takan wuce kilo huɗu. Bambancin ba ya bayyana a shago, sai an yi awa uku a tsaye.

Jabu da gwanjo

Suna a kan jita ba shaida ba ce. A watan Nuwamban 2024, jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jabun jitocin Gibson fiye da 3,000, waɗanda da na gaske ne da darajarsu ta haura dala miliyan 18. Idan haka ta faru a ƙasar da ake ƙera su, mai saye a Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Legas sai ya ƙara buɗe ido. Sabuwar jita mai tambarin Fender ko Gibson a farashin da bai kai na Squier ba, akwai lauje cikin naɗi. Squier ko Yamaha ta gaske ta fi jabun babban suna, domin aƙalla an san abin da ke cikinta.

Ta gwanjo na iya zama riba, idan an duba. A ɗaga jitar a hango wuyan daga kai zuwa gindi: lanƙwasa kaɗan ana gyarawa, murɗewa kuwa ba ta da magani mai sauƙi. A tabbatar sandar cikin wuya tana juyawa. A duba ko firet sun yi rami. Ƙarar makunni ko sakin waya ba abin tsoro ba ne, mai gyaran rediyo zai iya da ɗan dalma. Bahago kuma, irin Mdou Moctar, ya nemi ta hagu tun farko, domin ba kowane shago ke ajiye ta ba.

A bar wa amfilifaya kasonta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙarar da kuɗi duka a kan jita. Rabin amon daga amfilifaya yake fitowa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka amfilifayar gwanjo daga can za ta ƙone idan aka jona ta ba tare da tiransifoma ba. Tsohuwar amfilifaya mai filogi baki biyu, marar wayar da ke sauke wuta ƙasa, haɗari ce ga rai, domin tsirkiyoyin ƙarfe ne kuma suna haɗe da ita, balle a ƙasa mai damshi da damina. Ƙaramar amfilifaya mai batir ta isa koyo a garin da wuta ba ta zama.

A ware kuma kuɗin jaka mai kauri, da igiyar jonawa mai kyau, da tsirkiyoyin ajiya, domin laimar damina da gumi na sa su tsatsa da wuri. A goge su da ƙyalle bayan kowane kiɗa, kada a jingine jita a rana ko a bar ta a ƙasa a ɗakin da ruwa ke iya shiga.

Wanda ke da ɗakin naɗar sauti mai sanyi da ƙwararren mai gyara a kusa, yana iya sayen wadda aka ƙera daidai da ta 1954. Wanda kuwa zai ɗauki jitarsa daga Miga zuwa Jahun ko Kafin Hausa a bayan babur, ya kuma miƙe wuyanta da hannunsa idan hunturu ya kama, abin da ya fi dacewa da shi shi ne mai amon da, mai buɗaɗɗiyar sandar wuya, mai fenti mai kauri, wadda ya jona ya saurara da kunnensa kafin ya biya.