Ragon dutse na Ayar: rago ne ko bunsuru?

A duwatsun Ayar da Termit na Jamhuriyar Nijar, da na Tibesti da Ennedi a Chadi, akwai wata dabbar dawa da Hausawa ke kira ragon dutse, a Faransanci kuma mouflon à manchettes. Sai dai masana dabbobi ba su sa shi cikin dangin tumaki ba.

Tumakin dawa na ainihi, waɗanda ake kira Ovis a ilimance, suna nahiyoyin Asiya da Turai da Amurka ta Arewa. Cikinsu akwai muflon, wanda daga gare shi tumakin gida suka samo asali, da uriyal, da argali wanda ya fi duka girma.

Shi kuwa ragon dutse, mai suna Ammotragus lervia, shi kaɗai ne a rukuninsa. Tumaki na da wani ɗan rami mai fitar da maiƙo a gaban ido, shi ba shi da shi, kamar awaki. Amma kuma ba shi da gemun bunsuru. Ƙwayoyin gadonsa da ake kira kuromozom 58 ne, alhali na tunkiyar gida 54, na akuya 60.

Gane shi ba wuya. Jikinsa launin ƙasa ne mai ja-ja, ga dogon gashi daga maƙogwaro zuwa ƙirji har ƙafafun gaba. Namiji da tamata duk suna da ƙaho mai lanƙwasa baya, kuma babban namiji kan haura kilo 100.

An kasa shi gida shida bisa yanki da launi da siffar ƙaho. Na Ayar shi ake kira angusi, sunan da Rothschild ya raɗa masa a 1921 don karrama Angus Buchanan, Baturen da ya yi bincike a yankin.

Wannan rabe-rabe na da amfani wajen kare dabbar. An kai ragon dutse Amurka da Sifaniya, ya hayayyafa sosai a can, amma a gidansa na Afirka farauta da fari da gogayya da dabbobin kiwo sun rage shi, har ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Yawan na ƙetare ba zai maye gurbin na Ayar ba, domin garken kowane tsauni a keɓe yake, hamada ta raba shi da sauran.

Gandun Ayar da Tenere, da aka kafa a 1988, da na Termit da Tin-Tumma na 2012, su ne manyan mafakarsa a Nijar. Idan garken wani tsauni ya ƙare, da wuya wani ya ƙetaro rairayi ya cike gurbinsa.